Ƙara a ƙafar gaban tsohuwar mota: kurakuran da aka fi yi wajen gano ta

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kaya tun ba a kama ƙarar ba. Mai mota ya ji kwaram-kwaram a gargada, sai a ce shakzoba ce. A canza, ƙara na nan. A koma kan boljoin, wato gaɓa mai kan ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kanta, daga nan sai tayarod, sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya. A tsohuwar mota abin ya fi ciwo, don kayanta na asali sun yi wuya, kuma sau da yawa wanda aka cire ya fi sabon da aka sa ƙarko. Shawararmu ita ce kada ka kwance noti ko ɗaya sai ka iya tayar da ƙarar da gangan, ka kuma iya kashe ta da gangan.

A kan hanya ake fara wannan aiki, amma yawancin mutane gaggawar shiga ƙarƙashin mota suke yi. Nemi hanya mara cunkoso, ka sauke gilashi. Da ƙarar ta taso, taka kuloci ko ka sa giya a firi, ka bar motar ta gangara. Idan ta ragu tare da kukan inji, ba ta ƙafa ba ce, sai ka duba bel da fanka da famfon ruwa. Idan ta ci gaba da bin juyin taya, to tana tsakanin taya da boris (abin da taya ke juyawa a kansa) da birki. Sai ka ɗan ɗora ƙafa a birki ba tare da ka tsaya ba: in ƙarau-ƙarau ɗin ya yi shiru, fad ɗin birki ne ke rawa a mazauninsa, ko notin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad ɗin, ya saki. Daga nan, a gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Karkatawa hagu tana jefa nauyi kan ƙafar dama, don haka gurnanin da ke ƙaruwa a lokacin galibi na boris ɗin dama ne. Tayar da ta cinye tudu da kwari ita ma tana irin wannan gurnani, sai dai nata yana canzawa da irin kwaltar da aka hau. Musanya tayoyin gaba da na baya kafin ka zargi boris. In ƙarar ta koma baya, ka gama.

Kada ka amince da kunnenka kan wajen da ƙara take fitowa. Shasi ƙarfe ne, yana ɗauko sauti daga wannan gefe ya kai wancan. Zaunar da mutum a kujerar gefe, sannan ka sa shi ya tsaya a waje yana saurare kana wucewa a hankali.

Akwai ƙananan abubuwan da ake tsallakewa don an raina su: notin taya da bai ɗauru ba, tsakuwa a cikin wilkaf, batirin da babu abin riƙe shi, makullin bonet, salansa mai bugun shasi, farantin kare ƙura da ya lanƙwashe yana gogar faifan birki, da robar da inji ke zaune a kai idan ta tsage. Minti goma sun isa a duba su duka. Motocin Ingila masu wilin waya, irin su MG da Jaguar, suna da tasu matsalar: haƙoran da wili ke shiga suna cinyewa, sai a riƙa jin ƙwas guda ɗaya duk lokacin da aka taka birki.

Inda aka fi yin kuskure, har da masu hannu a sana'ar, shi ne wajen ɗaga mota. A sa jak a shasi, taya ta yi lilo a sama, a girgiza ta, a ji ta dam, sai a wanke boljoin daga zargi. Alhali a motar da sifirin ɗinta yake zaune kan hannun ƙasa, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafa da shasi, barin taya ta rataya yana sa sifirin ya danne hannun da ƙarfi, ya matse boljoin ɗin, ko ya lalace ba zai nuna ba. Irin wannan mota a ƙarƙashin hannun ƙasa ake sa jak, kusa da boljoin iya yiwuwa, a ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar santimita 3 zuwa 5. Sai a cusa dogon ƙarfe ƙarƙashin taya ana banƙarawa sama ana saki, wani kuma ya haska fitila a kan gaɓar yana kallo. Idan sifirin yana kan hannun sama, kamar a Ford Mustang ta 1965, a shasi ake ɗagawa, bayan an sa katako mai ƙarfi tsakanin hannun sama da shasi. Mai shakzoba da sifirin a haɗe kuwa, irin Peugeot 504, a shasi ake ɗaga ta, a bar taya ta rataya. Fara sanin tsarin ƙafar motarka tukuna, domin wasu ma ba su da boljoin sam. Volkswagen Beetle ta kafin 1966 da MGB kinfin suke amfani da shi, wato sandar ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kanta cikin bushin, zoben da ke shiga tsakanin ƙarafa biyu. Kuma ko wane tsari ne, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ka sa waiji a tayoyin baya. Sifirin da ke matse yana iya kashe mutum, kada a kwance boljoin sai an ɗaure shi da abin matse shi ko jak na riƙe da hannun.

Taya na sama, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji girgiɗi, kada ka yanke hukunci tukuna. Sa wani ya danne birki sosai, ka sake girgizawa. Birki yana haɗe faifai ko diram da ƙafa, don haka girgiɗin da ya ɓace na boris ne, wanda ya rage kuma na boljoin ne ko kinfin. Don jin boris mai tsatsa-tsatsa, juya taya da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ka riƙe sifirin. Gurzar za ta zo maka a tafin hannu kafin kunne ya ji ta.

Nan ne wani kuskuren yake biyowa. Tsofaffin motoci masu jan baya galibi suna da boris biyu masu kan mazurari, na ciki da na waje, kuma an yi su ne da ɗan sarari. Mutum ya ji motsi kaɗan, sai ya kama sifana ya ɗaure noti tamau. Boris ya yi zafi, giris ya narke, ƙarar da ba ta nan a da ta samu. Yadda ake yi shi ne a ɗaure notin daidai wa daida ana juya taya don boris ya zauna, a sassauta shi, a sake ɗaurewa da yatsu kawai, sannan a sa sabon fil, wato ƙusar da ke hana noti kwancewa, a ramin da ya fi kusa ta ɓangaren sassautawa. Sararin da ake so a yawancin irin waɗannan motoci yana tsakanin milimita 0.025 da 0.125, amma littafin motarka shi ne alƙali. In kuwa ka ga ramuka ko launin shuɗi a jikin boris, gyaran noti ba zai cece shi ba, a canza shi tare da zobensa.

Kayan sitiyari kuma mota na ƙasa ake gwada su, nauyinta na kan tayoyi. Wani ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan da sauri, kai kuma ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya kana damƙe su da hannu. Gaɓar da ta mutu za ka ji ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo. A motoci masu akwatin sitiyari, irin Mercedes W123, dubi hannun da ke tallafe da sandar sitiyari a ɗaya gefen, don bushin ɗinsa na yawan cinyewa. Dubi notocin da suka riƙe akwatin a shasi. Zoben jar tsatsa a kewayen noti alama ce yana motsi, wani lokaci ma shasin ne ya tsage a wurin. Sukurun saiti da ke saman akwatin kuwa, a taɓa shi ne a ƙarshe, sitiyari na tsakiya cif, rubu'in juyi ko ƙasa da haka. An ƙera akwatin ya fi matsi a tsakiya, saboda haka wanda ya saita shi sitiyari na karkace zai sa ya cije a miƙaƙƙiyar hanya, ya daina dawowa da kansa bayan kwana.

Ƙwanƙwasa mai sauri a ƙananan ramuka sau da yawa ta 'yan sandunan sitabilaiza ce, wato masu haɗa ƙafa da doguwar sandar da ke rage karkatar mota a kwana. Kwance su duka biyu, ɗaure sandar da waya yadda ba za ta taɓa komai ba, ka zaga a hankali kan hanyar da ke tayar da ƙarar. Ba a gudu da mota a haka. Shakzoba ma a duba robobin samanta da ƙasanta kafin a ce ta mutu. A MGB shakzoba ita ce hannun sama, kuma notocinta na kwancewa.

Ƙiƙi-ƙiƙi na bushin yana ruɗar mutane su feshe ƙafa gaba ɗaya da mai. Ƙarar ta tafi kwana biyu ta dawo, ba a san wane bushin ba ne, ga man fetur da man inji suna kumbura roba. Yi amfani da ruwan sabulu ko feshin silikon, bushin ɗaya, ka danna motar ta yi tsalle, sannan na gaba. Haka ma giris: nono ɗaya, wato bakin da ake ɗura shi, sai gwaji. Wanda ya ƙi karɓar giris a cire shi a wanke ko a canza, domin gaɓar da ke bayansa ta daɗe a bushe.

Idan an sa sabon bushin na roba, kada a ɗaure notinsa tamau taya na rataye. Da an sauke mota robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri, ƙarar ta dawo. Ɗaura shi sako-sako, sauke motar, tura ta gaba da baya ta zauna daidai, sannan ka ɗaure. Wajen canza kan tayarod, ƙirga juyin da ka yi wajen cire tsohon ka mayar da sabon da adadin nan. Wannan zai kai ka wurin alayimen ne kawai, ba ya maye gurbinsa. Canza abu ɗaya a lokaci guda, ka koma hanyar da ka fara gwaji a kai, da gudun nan, kafin ka taɓa na biyu.