Kafin ka biya kuɗin laftof saboda "8GB na girafik"

'Yan uwa masu neman laftof don gyaran bidiyo ko gem, ku kula da wannan. Mai shago zai buɗe dxdiag, manhajar Windows da ke nuna bayanan kwamfuta, ya nuna maka babbar lamba, ya ce girafik ɗin 8GB ne. Sau da yawa ba ƙarya ya shirya ba, shi ma bai gane ba. Windows tana ba katin hoto (wato girafik ɗin, ko GPU) aron kusan rabin RAM ɗin kwamfutar, sai ta haɗa da nasa na kansa ta rubuta jimilla. Laftof mai RAM 16GB da Intel Iris Xe, girafik ɗin da ke haɗe cikin furosesa, zai nuna wajen 8GB, alhali duk aro ne, kuma bai kai na ainihi sauri ba.

Don ganin gaskiyar lambar, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance, zaɓi GPU. Layin Dedicated GPU memory kaɗai ne na katin, shi za ka saya. Idan 128MB ka gani, kuma babu GPU na biyu a jerin, babu katin kirki a ciki.

Kada sunan ma ya ruɗe ka: katin RTX 3050 na laftof akwai mai 4GB, akwai mai 6GB. Takardar da aka manna a jiki ba hujja ba ce, musamman a na hannu. Sa GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan katin hoto, a filashi ka tafi da shi shagon.