Yadda za ku kafa ƙungiyar dirama a ƙauyenku ba tare da an kore ku ba

Duk sanda samari suka zo min da zancen kafa ƙungiyar dirama, tambayar farko ita ce nawa ake sayar da kamara. Don Allah ku ajiye zancen kamarar nan tukuna. 'Yan Tumbin Giwa da suka fitar da fim ɗin Hausa na kaset a Kano a 1990 ai ƙungiyar dirama ce tun kafin a zo maganar kaset, wasan suka fara iyawa sannan na'ura ta biyo baya.

Abu na farko, tun kafin ku raɗa wa ƙungiyar suna, ku je wajen mai unguwa ya kai ku gaban dagaci. Kar ku tafi ku kaɗai, ku nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa a garin, in malamin makaranta ne ma ya fi, shi zai yi bayani ku kuna durƙushe. In an gama "ranka ya daɗe" ku faɗi inda za ku riƙa haɗuwa da lokacin, sannan ku bi ta wajen liman shi ma ya ji daga bakinku, don wallahi in a majalisa ya fara ji an ce yaran gidan wane sun fara wasan banza, to kafin ku gyara sunan nan kun sha wuya.

Mutum goma zuwa sha biyu sun isa. A fitar da shugaba da sakatare da ma'aji, kuma kar ma'aji ya zama ƙanin shugaba, na ga inda hakan ya watsa mutane. A yanka kuɗin mako daidai ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, a rubuta a littafi.

Ina za ku samo 'yan wasa? Azumi za ku jira. Daga goma ga wata in yara sun fara tashe ku zauna a ƙofar gida ku zuba ido, yaron da ya yi tsoho da gemu har tsofaffin da kansu suka yi dariya, da wanda ya ɗaura zane ya yi shigar mata bai ji kunya ba, da mai Jatau mai magani da bakinsa ba ya sarƙewa, waɗannan su ne jarinku. Makarantar wasanmu ke nan tun kaka da kakanni, ba allo ba kuɗin makaranta, naku kawai ku koya musu tsayuwa, kar su juya wa 'yan kallo ƙeya, su ɗaga murya yadda na bayan fili zai ji ko ba lasifika. Maganar mata kuwa sai a hankali. In za a sa yarinya, a je gidansu a nemi izini, rihazal ɗinta, wato gwajin wasa, da rana, kuma da wata malama zaune a wurin. In bai samu ba namiji ya ɗaura ɗankwali, ba a kansa farau ba.

Wurin gwaji, ku roƙi hedimasta aji ɗaya a firamare bayan la'asar, ku share in kun tashi. Da damina ku ma haƙura, kowa na gona, sai an yi girbi an kai amfani gida sannan jama'a ke da sukunin kallo, shi ya sa ma kalankuwa da kaka ake yinta. Kuma ku lura da ranar kasuwa, na kusa da Wudil kar ya sa wasa ran Juma'a, na Maigatari Alhamis, na Dambatta Lahadi, in ba haka ba ku da awaki za ku yi kallon.

Labari kuma ku ɗauko na gida, rikicin gado, tsadar taki, tallar yara, bashin adashe. Amma a sauya kama sosai. Mun taɓa yin wasa a kan mai ɓoye hatsi, ɗan wasanmu ya je ya kwaikwayi tafiyar wani bawan Allah sak har da tarinsa, washegari sai ga mu a ƙofar dagaci muna ba da haƙuri, wata biyu ba mu sake fita ba.

In kun yi wasa uku huɗu kun ga abin ya zauna, ku rubuta tsarin mulki ko shafi biyu ne ku kai sakatariyar ƙaramar hukuma a yi muku rijista, da takardar nan ake gayyatar ƙungiya taron wayar da kai ko bikin yaye ɗalibai. Na jihar Kano ku leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa su san da zamanku, yaron da ya gama sakandare yana son abin da gaske kuma akwai sashen koyon wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero. Ranar da kuka tashi ɗaukar fim na sayarwa a Kano sai kun bi ta Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, kafin nan dai wayar ɗayanku ta isa ku ɗauki gwaji ku zauna ku kalli kurakuranku.