Yadda za a tara kayan sanyi a coci kafin hunturu

Tun Oktoba a roƙi fasto ya yi sanarwa bayan sujadar Lahadi. A ajiye buhu uku a ƙofar coci: na manya, na yara, na barguna.

Ran Asabar 'yan zumuntar mata su zauna su tantance, nan aikin yake. Rigar da maɓallinta ya fita a ɗinke, mai datti a wanke. Tsumma kuwa a ware shi, abin kunya ne.

Sannan a ga mai unguwa, ko Kakuri ne ko Sabon Tasha a Kaduna, shi ya san gidajen gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi. Matasa su kai da yamma, gida-gida, waya na aljihu, ban da ɗaukar hoto.