Yadda Za Ka Tsira Daga 'Yan Damfarar AI Masu Satar Murya

Da can in ka ji muryar ɗan'uwanka a waya shikenan, shi ne. Yanzu kam abin ya canza. Tun 2023 Microsoft suka nuna wata fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, mai suna VALL-E da ke kwaikwayon muryar mutum daga sautin daƙiƙa 3 kacal, to kai bidiyo nawa ka ɗora a TikTok kana ta zuba?

Ga yadda 'yan damfarar suke zuwa. Waya ta shigo tsakar dare da baƙuwar lamba, muryar ƙaninka sak, har da shessheƙa: "Yaya don Allah ka taimake ni, hatsari na yi, turo kuɗi ta wannan akawun, kar ka faɗa wa Mama." Ka lura, gaggawa, a ɓoye maganar, ga sabon akawun. In ukun nan suka haɗu to katse kawai, ba rashin imani ba ne, ka kira shi a lambarsa da ke cikin wayarka, in bai ɗaga ba ka nemi wanda suke tare. Ni a ganina wannan kaɗai ya fi duk wata dabara, don ɗan damfara ba abin da ya tsana irin ka samu minti biyu ka yi tunani.

Sannan ku tsayar da wata kalma ta sirri a gida da za ku riƙa tambayar mai kira don ku tabbatar shi ne, hukumar FBI ta Amurka ma ta ba da wannan shawarar a 2024. Baki da baki za ku yi ta fa, ba a gurup ɗin WhatsApp ba.

Kar ka ce ai bidiyo kol ne na ga fuskarsa. A 2024 a Hong Kong wani ma'aikacin kamfanin Arup ya shiga mitin ta bidiyo, ga shugaban sashen kuɗi ga abokan aiki, ashe duk na bogi ne, ya tura kusan dala miliyan 25. Wasu za su ce ka duba leɓe ko ƙifta ido, eh yana taimakawa wani lokacin amma kullum abin ƙara gogewa yake, kar ka dogara da shi.

Saƙonninsu ma yanzu tsaf suke fitowa babu kuskuren rubutu. Banki ba zai nemi OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turo maka a waya, ko lambar sirrin katinka ba, kuma bidiyon bogi na attajirin nan Elon Musk yana cewa zuba kuɗi a ninka maka, wuce abinka.

In kuma har ka riga ka tura, ajiye kunya ka kira bankinka nan take su gwada tsayar da kuɗin, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka canza fasuwod, ka kuma sanar da 'yan'uwa don kar a bi ta kansu da muryarka.