Yadda ake tiyatar yanke ƙashi don daidaita gaɓar kwatangwalo

Akwai waɗanda aka haifa da kwarmin kwatangwalo marar zurfi, wanda bai rufe kan ƙashin cinya sosai ba, kamar hular da aka ɗora a gefen kai. Nauyin jiki sai ya taru a bakin kwarmin, guringuntsi ya riƙa cinyewa, matashi ya fara jin zafi a matsematsi in ya daɗe a tsaye ko ya yi doguwar tafiya. Mata sun fi fama da shi. Ba karaya ba ce, don haka ɗori ba ya maganinta. Tiyatar da aka fi yi ita ce PAO, wato yanke ƙashin da ke kewaye da kwarmin a juya shi, wadda Farfesa Reinhold Ganz ya ƙirƙiro a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a shekarun 1980.

Matakin farko, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne tantance wanda aikin ya dace da shi. Ana ɗaukar hoton ƙashi mutum yana tsaye, a auna yadda kwarmin ya rufe kan ƙashin. Lafiyayyar gaɓa tana ba da digiri 25 zuwa 40. Ƙasa da 20 tabbas akwai matsala. Dole ƙashi ya gama girma, kan ƙashin cinya ya kasance a mulmule, guringuntsi kuma da sauransa. In amosanin gaɓa ya riga ya yi nisa, juya kwarmi wahalar banza ce, dashen gaɓar roba ya fi. Mai shan taba ya daina tun makonni kafin aikin, domin taba tana hana ƙashi haɗewa. A auna jini, a tanadi na ƙari, don aikin yana zubar da jini.

Ranar aiki ana kwantar da mutum rigingine, a sa shi barci, a tsaga ta gaban kwatangwalo. Da na'urar hoton ƙashi a gefe, likita yana yanka a wurare huɗu da kurfi da zarto: ƙashin zama ta ƙasan kwarmin, ba tare da an raba shi duka ba, ƙashin mara, wanda ake rabawa gaba ɗaya, faffaɗan ƙashin da ke saman kwarmin, sai yanka na bayan kwarmin da ke haɗa na sama da na ƙasa. Ginshiƙin ƙashin ƙugu da ke bayan kwarmin ba a raba shi, ana barin sa a haɗe. Shi ya sa ƙugu ba ya rasa ƙarfinsa, hanyar haihuwa ma ba ta ƙuntata, mace tana iya haihuwa da kanta daga baya.

Da kwarmin ya saki, sai a kafa masa sandar ƙarfe a juya shi ya hau kan ƙashin cinya. Nan gwaninta take. In juyin bai kai ba, ciwon yana nan. In ya zarce, wuyan ƙashin cinya zai riƙa bugun bakin kwarmi duk lokacin da aka durƙusa ko aka zauna a ƙasa, an sauya ciwo da wani ciwon ke nan. Saboda haka ake riƙe shi da siraran wayoyi tukuna, a sake hoto, a lanƙwasa ƙafar a juya ta a ga ba ta cijewa, sannan a ɗaure da sukurori 3 ko 4. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 4.

Abin da aka fi gani bayan aiki shi ne sagewar fata a gefen cinya, saboda wata siririyar jijiya da ke bi ta wurin tsagar. Yawanci tana raguwa cikin watanni. Wanda ya fi haɗari, ko da yake bai cika faruwa ba, shi ne kurfi ya kauce ya shiga cikin gaɓar ko ya taɓa babbar jijiyar bayan cinya. Ana ba da maganin hana daskarewar jini. Kumburin sha-raɓa ko sarƙewar numfashi, a koma asibiti nan take.

Kwana 3 zuwa 5 ake yi a gadon asibiti. Makonni 6 zuwa 8 na farko da sanduna biyu ake tafiya, ƙafar tana taɓa ƙasa kawai, salla ma a kan kujera, ban da tsuguno a masai. Sukurori riƙo suke yi kafin ƙashi ya haɗe, mai gaggawar taka ƙafa yana iya karya su kwarmin ya goce. Sai hoto ya nuna haɗewa ake ƙara nauyi, masu gashin ƙashi su ci gaba da ƙarfafa tsokar ɗuwawu, wadda rauninta ke sa ɗingishi. Gudu da ƙwallo sai bayan wata 6 zuwa shekara.