Yadda Ake Ƙara Furotin a Abincin Tsoho Mai Jinya

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san daru a kan abinci: a kawo kwanon tuwo, ya yi loma uku ya ture, ya ce a dama masa koko. Kokon nan kuwa, idan gasara ce da ruwa da sukari kawai, ciki yake cikawa, amma furotin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, alhali shi ne sinadarin da ke riƙe naman jiki, yake kuma taimaka wa rauni ya warke. Masana abinci suna ba da shawarar tsoho mai lafiya ya samu giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai jinya kuma 1.2 zuwa 1.5. Wato dattijo mai kilo 60 da ke kwance yana bukatar giram 72 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Tunda ba zai ƙara yawan lomarsa ba, sai a ƙara wa ɗan abin da yake karɓa ƙarfi.

A fara da kunu, domin shi ne ba ya ƙi. A auna gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a surfe waken a sheƙe dusar, sannan a niƙa su tare. Wannan shi ne garin da ake kira Tom Brown a asibitoci. Dole waken suya ya soyu sosai, saboda ɗanyensa yana kumbura ciki, yana kuma hana jiki amfana da furotin ɗin. Gyaɗar ma a tsince ta da kyau, a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana cutar da hanta. Idan kunun ya kusa sauka, a kaɗa ƙwai ɗaya a zuba a hankali ana juyawa har ya dahu, bayan an sauke kuma a sa madarar gari cokali uku. Kofin bai ƙara girma ba, amma an ƙara masa wajen giram 12.

Miya ma tana ɗaukar ƙari. A cire wa busasshen kifi ƙaya, a daka shi, a tankaɗe, a ajiye a kwalba, a riƙa zuba cokali biyu a miyar kuka ko kuɓewa a kwanon tsohon shi kaɗai. Garin ƙuli-ƙuli yana yin wannan aikin, ya ma fi sauƙin kuɗi. Wanda haƙoransa suka zube, kada a ba shi tsoka yana tsotsa yana ajiyewa. A dafa naman ya yi lugub a daka, ko a yi masa alale da ƙwai, ko a marmasa awara a cikin miya. Idan fura ce, kindirmo ya fi furar yawa, kuma a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

A raba abincin sau biyar ko shida a rana, kada kuma a cika masa ciki da ruwa ko shayi gab da cin abinci.

Mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin sai da izinin likita, domin yawansa yana iya wahalar da ƙodar. Mai ciwon suga a janye masa sukari, mai hawan jini a rage gishiri da dunƙule. Wanda kuma yake ƙwarewa ko tari yayin haɗiya, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, a zaunar da shi bayansa a miƙe a ciyar da shi, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya. A riƙa auna nauyinsa duk mako biyu ana rubutawa. Idan yana ci gaba da ramewa duk da wannan ƙarin, a koma da shi asibiti da takardar awon a hannu.