Yadda Ake Gyara Ƙofar Shago Domin Masu Keken Guragu

Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Najeriya, kuma wa'adin shekara 5 da ta bai wa gine-ginen jama'a su gyara ya cika a 2024. Amma shaguna da yawa har yau dakali ne a bakin ƙofa, ga lambatu a gabansa. Masu yin gangara kuma galibi don tura babur suke yi, shi ya sa take tsayuwa kamar tsani.

Fara da awo. Ɗauki tef ka auna tsayin dakalin daga ƙasa. Ƙa'idar ita ce kowane inci 1 na tsayi yana buƙatar ƙafa 1 na tsawon gangara. Dakali mai inci 6, gangara ƙafa 6. Mai inci 12, ƙafa 12. Birkila zai ce tsawon ya yi yawa, kada ka yarda ya rage. In ta cika tsaye, mai hawa ba zai iya tura kansa ba, keken ma na iya kifewa da shi ta baya. Idan fili bai kai ba saboda titi, a kwantar da ita a jikin bango maimakon ta fuskanci hanya.

Faɗi kada ya gaza ƙafa 3, amma 4 ta fi, domin keken hannu mai taya uku ya fi na asibiti cin wuri. A bakin ƙofa a bar shimfiɗaɗɗen wuri ƙafa 5 kowane gefe. Nan ne mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da keken ya zame ba. Wannan ake yawan mantawa.

Kwaɓi kuwa: buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa 8. A danne cikon ƙasa sosai kafin a zuba, kaurin kankare inci 4. Inda ta haura lambatu a sa rodi, kuma kada a toshe hanyar ruwa. Tun kankaren na ɗanye a ja tsintsiya a kansa a gicciye don ya yi kaushi. Tayil mai sheƙi kyau ne kawai, da damina santsi yake yi. A tayar da baki inci 2 zuwa 4 a gefuna don kada taya ta zille, sannan a riƙa ba kankaren ruwa kwana 7.

Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa mai tsayin ƙafa 3. Ƙofa ta kai faɗin inci 32 a buɗe, a kuma rage tsayin wani sashe na teburin ciniki zuwa wajen inci 32 don a miƙa kuɗi ido da ido.

Bayan an gama, kada a jera katan-katan ko janareto a kan gangarar. A gayyato mai keke ya gwada hawa da sauka shi kaɗai kafin a biya birkila cikon kuɗinsa.